Mene ne Bambancin Karin Waƙa, Jituwa da Tsarin Bugu a Kiɗa?

Tambaya: Na fara koyon fiyano watanni kaɗan da suka wuce, kuma a kowane darasi sai na ji ana ambaton melodi da hamoni da ridim kamar kowa ya san abin da suke nufi. Ni kuwa duk abin da nake ji kiɗa ne kawai. Mene ne bambancin waɗannan abubuwa uku, kuma wanne ya kamata mai koyo ya fara kamawa?

Amsa: Jin da kake yi cewa duk kiɗa ne kawai ba gazawa ba ce, domin kunne a dunƙule yake karɓar abin da ya shiga cikinsa, masu koyarwa ne suka rarraba shi gida-gida don a sami bakin zaren bayani. Abin da zai sauƙaƙa maka fahimta shi ne ka san cewa sauti guda ɗaya tak, komai daɗinsa, bai zama kiɗa ba tukuna. Kiɗa yana samuwa ne daga dangantakar da ke tsakanin sautuka, kuma kalmomin nan uku sunaye ne na dangantaka iri uku. Ridim, wanda zan kira tsarin bugu, ya shafi lokacin da kowane sauti yake zuwa da tsawon zamansa. Melodi, wato karin waƙa, ya shafi hawa da saukar sautukan da suke zuwa ɗaya bayan ɗaya. Hamoni kuwa, wanda zan kira jituwa, ya shafi abin da yake faruwa idan sautuka biyu ko fiye suka tashi a lokaci guda.

Zan fara da tsarin bugu, domin a ganina shi ne ginshiƙin sauran, ko da yake littattafan koyarwa da yawa sukan ajiye shi a baya. Dalilina shi ne, ana iya yin kiɗa cikakke da bugu kaɗai, kamar yadda masu ganguna suke yi a sassan duniya daban-daban, amma ba a iya rera karin waƙa ba tare da an ba kowane amo tsawonsa na lokaci ba. A ƙarƙashin wannan kalma akwai abubuwa da dama da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne bugun asali, wato wannan motsi mai zuwa daidai wa daida da ƙafarka take bi a ƙasa idan kana sauraron kiɗa ba tare da ka umurce ta ba. Saurin wannan bugu ana auna shi da adadin da yake zuwa a minti ɗaya: idan aka ce 60, to bugu ɗaya ke nan a kowane sakan, kamar tafiyar agogo, idan kuwa aka ce 120, bugu biyu ke nan a sakan. Na'urar da ake auna shi da ita, metronom, Johann Maelzel ne ya yi mata rajistar mallaka a shekarar 1815, kuma Beethoven yana cikin mawallafan kiɗa na farko da suka riƙa rubuta adadinta a kan ayyukansu.

Bayan haka kunne ba ya barin bugun nan a jere sumul, sai ya harhaɗa shi rukuni-rukuni, yana ba na farko a kowane rukuni nauyi fiye da sauran. Wannan shi ne awo. Idan kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ka koma ɗaya, kana cikin awo mai bugu huɗu, wanda shi ne ya fi yawa a waƙoƙin zamani. Idan a uku kake komawa, kana cikin awon rawar wals ta Turai. Akwai al'ummomin da suka saba da awon da bai rabu daidai ba: a Bulgeriya, misali, ana rawa da awo mai bugu bakwai da ake harhaɗawa biyu, biyu, uku, ta yadda na ƙarshen yake ɗan jan ƙafa. A kiɗan gargajiya na arewacin Indiya kuwa, zagayen da aka fi amfani da shi, tintal, bugu 16 ne da aka kasa gida huɗu, kuma makaɗa sukan yi nisa da juna cikin gwaninta sannan su haɗu cak a kan bugun farko.

Tsarin bugu na haƙiƙa shi ne zanen da ake shimfiɗawa a kan wannan awo da dogayen sautuka da gajeru da kuma shiru. Kada ka raina shirun, domin ana ƙirga shi kamar yadda ake ƙirga sauti, kuma a rubutun kiɗa yana da alamominsa na kansa. Daɗin bugu yakan fito ne daga wasan da makaɗi yake yi da tsammanin mai sauraro: kunne yana jiran nauyi a kan ɗaya, sai makaɗin ya kauce ya sa shi a tsakanin bugu biyu, jiki kuwa ya motsa don cike gurbin da aka bari. Ga wani gwaji da za ka iya yi a kan teburi yanzu. Ka ƙirga ɗaya zuwa shida a hankali kana maimaitawa. Hannun dama ya buga a kan ɗaya da uku da biyar, hannun hagu kuma ya buga a kan ɗaya da huɗu. Da farko hannuwan za su riƙa jan juna, amma bayan ɗan lokaci za ka ji wani zane guda ya fito: tare, dama, hagu, dama. Abin da ka yi shi ne ɗora bugu uku a kan biyu cikin lokaci ɗaya, kuma wannan saƙa tana cikin tushen kiɗan ganguna na yammacin Afirka da na yankin Karibiyan.

Kafin in shiga karin waƙa, dole ne in yi bayanin amo, domin da shi ake gina kari da jituwa baki ɗaya. Duk sauti girgiza ce da take ratsa iska ta isa kunne. Idan girgizar tana maimaituwa a kan tsari, kunne yana jin ta a matsayin amo mai matsayi, sama ko ƙasa, kuma gwargwadon yawan girgizar a sakan ɗaya, gwargwadon siririntar amon. Ana auna wannan da ma'aunin hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga kimanin 20 zuwa 20,000, fiyano mai maɓallai 88 kuwa yana farawa daga 27.5 ya ƙare a wajen 4,186. Amon da makaɗa suke daidaita kayansu da shi, wanda ake kira la, an tsayar da shi a kan 440, kuma hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta tabbatar da haka a 1975. Wannan adadi yarjejeniya ce kawai, domin a ƙarnonin baya kowane gari a Turai yana iya kasancewa da nasa.

Mai jin Hausa yana da wata dama a nan da ba kowa yake da ita ba, saboda harshen kansa yana amfani da hawa da saukar murya wajen bambance ma'ana. Kalmar kuka ta zubar da hawaye gaɓoɓinta biyu a sama suke, ta bishiya kuwa gaɓar farko a sama take, ta biyu ta sauko. Wanda kunnensa yake rarrabe waɗannan biyu ba tare da tunani ba ya riga ya mallaki abin da ake bukata don jin karin waƙa. Bambancin kawai shi ne, a kiɗa an ƙayyade matakan hawa da saukar, an kuma auna tazarar da ke tsakaninsu.

Tazarar nan ita ce ran kari. Ka lura da abin da yake faruwa idan babban mutum mai kauri a murya da ƙaramin yaro suka rera waƙa ɗaya: babu amo ko ɗaya da ya zama dole su yi tarayya a kansa, amma kowa ya ji ya san waƙa ɗaya ce, domin tazarar da ke tsakanin amo da amo ba ta canja ba. Tazarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce oktaf, wadda take samuwa idan girgizar amo ta ninka ta wani sau biyu, kamar 220 da 440. Kunne yana jin su kamar amo ɗaya ne a hawa biyu, shi ya sa suna ɗaya ake ba su. Kowace al'adar kiɗa tana zaɓen wasu matakai a cikin oktaf ta jera su kamar tsani, daga nan take ɗebo karinta. Fiyanon da ke gabanka ya raba oktaf gida 12 daidai, fararen maɓallai bakwai da baƙaƙe biyar, kuma tsanin da ake fara koya wa ɗalibi, do re mi fa so la ti, yana ɗaukar bakwai daga cikinsu. Asalin waɗannan sunaye yana komawa ga Guido na garin Arezzo a Italiya, wanda ya rayu a ƙarni na 11, ko da yake shi da ut ya fara a maimakon do, kuma shida kawai ya sanya.

Bai kamata ka ɗauka cewa wannan tsani shi kaɗai ne a duniya ba. Idan ka taɓa baƙaƙen maɓallan kaɗai, za ka sami tsani mai matakai biyar, wanda irinsa yake ko'ina daga Sin zuwa Sikotilan zuwa sassa da yawa na Afirka. Da yawa daga cikin maƙamat, wato tsanukan kiɗan Larabawa, suna da amon da yake faɗawa a tsakanin maɓallai biyu na fiyano, inda babu abin da za ka danna ka same shi, kuma Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya yi dogon rubutu a kan awon waɗannan tazarori da kuma zagayen bugu. Makaɗan gamelan, wato kiɗan gargajiya na tsibirin Jaba a Indunisiya, suna da nasu tsanuka biyu, silendiro mai matakai biyar da felog mai bakwai, waɗanda ba su dace da rabon fiyano ba.

Abin da yake sa jerin amo ya zama kari mai ma'ana shi ne yana da masauki. A kowane tsani akwai amo ɗaya da kunne yake ɗauka a matsayin gida, sauran kuwa ana jin su gwargwadon nisansu ko kusancinsu da shi. Ka hau tsanin daga do, ka tsaya a kan ti, ka ɗage hannunka. Za ka ji wani ƙaiƙayi a kunne, kamar an fara magana ba a ƙarasa ba, kuma ba zai lafa ba sai ka danna do na sama. Mai tsara kari da wannan ja yake aiki, ya fita daga gida, ya yi yawo mataki-mataki, wani lokaci ya yi tsalle mai nisa don jan hankali, sannan ya dawo. Yawancin kari ana yanka shi jimla-jimla ne daidai tsawon numfashin mai rerawa, ko da a kan kayan kiɗan da ba sa bukatar numfashi.

Jituwa ita ce ta fi wuyar kamawa ga sabon kunne, saboda tana ɓoye a ƙarƙashin kari, amma tushenta a fili yake ga duk wanda yake da tsirkiya ɗaya a ɗaure. Ka kaɗa tsirkiyar jita a sake, sannan ka danne ta daidai tsakiya ka sake kaɗawa, za ka ji oktaf, domin rabin tsawo yana ba da ninkin girgiza. Idan ka danne ta yadda kashi biyu cikin uku ne yake girgiza, za ka sami tazarar da ke tsakanin do da so, wadda lissafinta uku ne a kan biyu. Kashi uku cikin huɗu kuwa yana ba da tazarar do da fa, huɗu a kan uku. Girkawa sun jingina gano wannan ga Fisagoras, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma abin da aka lura da shi tun lokacin shi ne, tazarorin da lissafinsu ya fi sauƙi su ne kunne ya fi jin sun narke cikin juna.

Dalilin haka ya bayyana daga baya. Tsirkiya ba ta girgiza da salo ɗaya kaɗai. Yayin da dukkan tsawonta yake kaiwa da komowa, rabinta ma yana yi, haka sulusinta da rubu'inta. Saboda haka tsirkiyar da amonta 110 ne tana fitar da 220 da 330 da 440 da 550 da 660 a lokaci guda, a raunane, kunne kuma yana haɗe su ya ji amo ɗaya. Ka dubi ukun ƙarshe, 440 da 550 da 660: lissafinsu huɗu, biyar, shida ne, kuma wannan shi ne lissafin do, mi, so, wato dunƙulen amo uku da ake kira kod, wanda aka fara koya maka da hannun hagu. Idan ka sauko da amon tsakiya da maɓalli ɗaya, launin dunƙulen gaba ɗaya yana canjawa ya yi duhu. Ana yawan cewa na farkon na farin ciki ne, na biyun na baƙin ciki, amma ni ina ɗaukar wannan da taka-tsantsan, domin sabo yana da hannu a ciki sosai, kuma akwai kiɗan rawa mai zafi da aka gina a kan dunƙule mai duhun.

Saɓani tsakanin sautuka shi ma yana da bayani. Idan tsirkiya ɗaya tana ba da 440, ɗaya kuma 444, za ka ji sautin yana kumbura yana sacewa sau huɗu a sakan, kuma da wannan rawar sauti masu gyaran fiyano suke gane ko tsirkiyoyi biyu sun daidaita. Idan tazarar ta ƙaru kaɗan, rawar takan yi sauri har ta koma kaushi, kamar wanda kake ji idan ka danna maɓallai biyu maƙwabta tare. Hermann von Helmholtz, masanin kimiyya na Jamus, ya yi cikakken bayanin wannan a 1863. Sai dai kaushin nan ba aibi ba ne a kiɗa. Jituwar da babu saɓani a cikinta takan gundure mai sauraro da wuri, domin motsinta yana fitowa ne daga ɗaurewa da kwancewa: a kawo dunƙule mai ɗan kaushi da yake neman mafita, sannan a sauke shi a kan mai natsuwa. Ka danna so, ti, re, fa tare, ka saurara, sannan ka koma do, mi, so. Wannan sauka da ka ji ita ce ƙofar da dubban waƙoƙi suke rufewa da ita. Jean-Philippe Rameau na Faransa ne ya tsara ƙa'idojin tafiyar waɗannan dunƙule-dunƙule a littafin da ya fitar a 1722, kuma har yau a kan harsashinsa ake koyarwa.

Akwai wani abu da ya kamata mai fiyano ya sani game da kayansa. Lissafin nan mai tsafta ba ya rufuwa. Idan ka hau tazarar uku a kan biyu sau 12 a jere, ya kamata ka dawo kan amon da ka fara, oktaf bakwai a sama, amma lissafin yana ba da kimanin 129.75, alhali oktaf bakwai 128 ne. Wannan ɗan rarar ta wahalar da masu ɗaura kayan kiɗa ƙarnoni da yawa. Maganin da aka tsaya a kansa shi ne a raba gyaran a kan dukkan matakai 12, kowane mataki ya ninka na ƙasansa da kimanin 1.0595. Sakamakon haka, ban da oktaf, babu tazarar da take da cikakkiyar tsafta a kan fiyano, an rage wa wasu kaɗan, an ƙara wa wasu kaɗan, don a iya kiɗa daga kowane maɓalli. Mawaƙan da suke rerawa tare ba kayan kiɗa, da masu goge, sukan karkata zuwa tazara mai tsafta da kunnensu, shi ya sa jituwarsu take da wani santsi na daban.

Ya kamata kuma a faɗi cewa jituwa irin ta jerin kod ba sharaɗi ba ce ga kiɗa mai daraja. A Turai ne ta bunƙasa a hankali, daga rera muryoyi biyu zuwa huɗu tare a majami'ar Notre-Dame ta Faris wajen shekarar 1200. Kiɗan gargajiya na Indiya ya ɗauki wata hanya, inda ake riƙe amon gida yana ta amsawa a ƙasa ba yankewa, kari kuma yana ta ado a kansa, kiɗan Larabawa da na Turkawa kuwa ya zuba ƙarfinsa a kan kari da zagayen bugu.

Abubuwa biyu suka rage da za ka ji ana ambata. Launin sauti shi ne abin da yake sa ka bambance sarewa da goge ko da amo ɗaya suke bayarwa, kuma yana fitowa ne daga ƙarfin waɗannan ƙananan girgiza da suke rakiyar amo, da kuma yadda sautin yake farawa a ɗan ƙiftawar ido ta farko. Sai ƙarfi da taushi, wanda daga gare shi ne kayan da kake koyo ya samo sunansa: Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a Fulorens wajen shekarar 1700, aka kira shi da kalmomin Italiyanci masu nufin a hankali da kuma da ƙarfi, saboda yana amsa nauyin yatsa, abin da kayan da ya gada ba ya yi.

Game da wanda za ka fara kamawa, shawarata ita ce tsarin bugu. A shekarun da na yi ina koyarwa na ga ɗalibai da yawa suna danna kowane maɓalli daidai amma suna tsayawa neman na gaba, sai waƙar ta wargaje har mai ita ba zai gane ta ba, alhali wanda ya kuskure amo ɗaya ko biyu amma ya riƙe bugu, mai sauraro yakan bi shi har ƙarshe. Saboda haka kafin ka taɓa fiyano da sabuwar waƙa, ka tafa tsarin bugunta da hannu kana ƙirgawa da baki, a saurin da ya yi ƙasa da wanda kake jin za ka iya. Bayan haka ka rera karin da muryarka, ko da kana ganin ba ka da murya, domin abin da maƙogwaro ya iya bi yatsa ba ya ɓata a kansa. Sai a ƙarshe ka kawo hannun hagu. Wajen sauraro ma haka za ka yi: ka ɗauki waƙa ɗaya da ka sani sarai, ka ji ta sau uku, na farko kana bin bugu da ƙafa kana neman inda ɗaya take, na biyu kana bin muryar da ke sama, na uku kuma ka toshe hankalinka daga mai rerawa ka bi sauti mafi kauri da ke can ƙasa, domin a mafi yawan waƙoƙin zamani duk inda ya motsa a farkon awo, a nan ne kod yake canjawa.